Daga Ruwan Tagwai Zuwa Ruwan Teku

'Yan'uwana ɗalibai, galibinku kun san akwatin gilashin nan na ɗakin kimiyya, wanda na ke kiwon 'yan karfasa a ciki tun muna aji ɗaya. Daga Tagwai wani masunci ya kamo mini su. To, kwanan baya 'yan ƙungiyarmu ta nazarin halitta suka ga hoton wani akwati a waya, cike da kifin teku da murjani kala kala, sai suka ce mu tara kuɗi mu mai da namu haka. Kafin kowa ya sa hannu aljihu, ina so in bayyana abin da ke cikin wannan aiki, don na taɓa ƙonewa. Bara na zuba gishirin miya mai yawa cikin bokitin da na sa 'yan tarwaɗa uku, wai in ga ko za su saba da ruwan teku. Kafin gari ya waye duk sun mutu.

Abu na fari shi ne gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Jinin kifi kuwa gishirinsa kamar sulusin wannan ne. Ruwa kan ratsa fata mai laushi daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa. In kana so ka nuna wa yara wannan, barbaɗa gishiri a kan yankan dankali, ka ga ruwa na tsatsowa. Saboda haka kifin kogi ruwa ne ke shiga jikinsa kullum, ba ya bukatar sha, sai yawan fitsari. Kifin teku kuwa ruwa ke fita daga jikinsa, tilas ya riƙa sha, yana fid da gishirin ta jajayen fatun nan da ya ke numfashi da su. Watau tarwaɗata ƙishirwa ce ta kashe su, ga su kuwa tsundum cikin ruwa.

Gishirin miya kaɗai ba ya zama ruwan teku, don akwai waɗansu ma'adinai a teku, kamar kalsiyam da magnesiyam. Sai a sayo gishirin da aka haɗa musamman, wajen kilo 3.5 ga kowace lita 100, a narka cikin tataccen ruwa, sa'an nan a auna da ma'auni har ya nuna 1.025. In ruwan ya ragu don zafi, ruwan daɗi za a ƙara, gama ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan.

Abu na biyu murjani. Da yawa muna tsammani dutse ne, don mun saba da jan murjani na wuya, irin wanda fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hamada. Ashe dabba ce. Irin wanda ke gina tudu a teku ƙananan halittu ne masu yawa, kowanne na gina wa kansa ɗaki na farar ƙasa. A cikin jikinsu akwai waɗansu 'yan tsirrai da ido ba ya gani, su ke yi musu abinci da hasken rana. Don haka akwatin murjani sai da fitila mai ƙarfi, sai da injin da ke kaɗa ruwa dare da rana. Har wa yau, maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, wanda a kan sa wa kifin kogi, guba ne ga murjani. Kuma ba za mu je Ikko mu ɗebo ba, don gaɓarmu ba ta da irin wannan tudu, saboda laka da ruwan daɗin da Kwara da sauran koguna ke zubawa. Daga ƙasashen waje a ke kawo shi, da tsada.

Abu na uku zafi. Murjani na son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. In zafi ya daɗe sama da yadda ya saba, sai ya kori 'yan tsirran nan, ya yi fari fat, in abin ya ci gaba ya mutu. Haka ya faru ga babban tudun murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 1998 da 2016 da 2024. To, wane ne bai san bazarar Minna ba, inda zafi kan wuce digiri 35 a watan Maris? Sai da injin sanyaya ruwa ke nan. Ko da shi ke Kainji, da aka gama a 1968, da Shiroro, da ta soma aiki a 1990, duk a jiharmu su ke, kowa ya san wuta kan ɗauke. Karfasa ta iya jimrewa har a kawo. Murjani bai iya ba.

Abu na huɗu haƙuri. Kashin kifi na zama dafi a ruwa, sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ke zaune a jikin duwatsu su karya shi. Kafin su yi yawa a sabon akwati a kan yi mako 4 zuwa 6 ba a sa kifi ko ɗaya ba. Mai gaggawa nan ya ke yin asara.

Ga shawarata. Mu riƙe karfasarmu shekara guda, muna auna zafin ruwa kowace safiya muna rubutawa, har lokacin hutu ma, mu ga ko za mu iya. Mu roƙi malaminmu ya kai mu cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa mu ƙara sani. In mun sami wutar sola da batir, mu soma da kifin teku biyu ba murjani. Shi murjani sai daga ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, ya zo taronmu na ran Asabar mu tattauna.