Ganuwar Sawira ta Ƙasar Maroko: Abin da Sunaye ke Faɗa wa Mai Ziyara

Garin Sawira, wanda ake rubutawa Essaouira a taswirorin yau, yana bakin Tekun Atilantika, yamma da Marrakesh. Wannan maƙala za ta bi ganuwar garin kamar yadda mai ziyara ke bin ta, da nufin nuna cewa sunayen da ke jikinta sun adana tarihin cuɗanyar harsuna, wanda ido ba zai gano shi daga dutse kawai ba.

Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya kafa garin a tsakiyar shekarun 1760, domin ya janyo cinikin Turawa daga Agadir zuwa tashar da ke ƙarƙashin idonsa. Ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya tsara masa shi. Shi ya sa ganuwar take da fuska biyu. Ɓangaren da ke duban tudu an yi shi bisa al'adar ginin Maroko, don tare mahara na ƙasa. Ɓangaren da ke duban teku kuwa dutse ne sassaƙaƙƙe, an gina shi bisa fasalin Turai don ya ɗauki igwa, ya kuma jure mata.

Sunan garin shi ne abu na farko da zai tsayar da mai nazarin harshe. Mafi yawan masana suna ɗaukar sa a matsayin sigar ƙanƙantarwa ta kalmar Larabci sur, wato ganuwa, ma'anarsa ke nan 'yar ganuwa. Sai dai ana rubuta sunan da harafin sadi, alhali sur da sinun take a daidaitaccen Larabci. Wannan ya sa wasu suka danganta shi da sura, wato hoto ko zane, suka ce garin da aka zana kafin a gina ake nufi. A ganina bayanin farko ya fi ƙarfi. A Larabcin Maroko kaurin furucin /r/ yakan naso zuwa baƙin da ke kusa da shi, har sinun ta koma sadi a baki, rubutu kuma ya bi baki. Bugu da ƙari, Barbarawan yankin suna kiran garin Tassurt, inda suka sa saiwar cikin ɗafa-goshi ta- da ɗafa-ƙeya -t, waɗanda ke nuna tamata da kuma ƙanƙanta a harshensu. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin kalmar birni ma tana nufin ganuwa, tana kuma nufin garin da ganuwar ta kewaye.

Turawa kuwa Mogador suka san shi, har zuwa bayan samun mulkin kan Maroko a 1956. Ana danganta wannan suna da Sidi Magdul, waliyin da kabarinsa ke kusa da garin. Turawan Fotugal sun gina sansani a wurin a 1506, amma ba su yi shekara biyar ba suka bar shi, saboda haka kuskure ne a jingina musu ganuwar da ake gani yau, ko da yake baƙi da dama suna yin hakan.

Inda mai ziyara zai fi daɗewa shi ne sikala, wato doguwar farfajiyar da ke saman ganuwar teku, inda aka jera igwogin tagulla, da yawansu ƙirar Sifen. Kalmar ba Larabci ba ce asalinta. Ta shigo ne daga harsunan Turawan bakin Bahar Rum, inda scala ke nufin matakala, daga nan ta ɗauki ma'anar wurin da jirgi ke yada zango. Mai fassara zuwa Hausa zai so ya ce badala, tunda nan ne mayaƙa ke tsayawa daga cikin ganuwa. Amma badala wurin maharba ce, sikala kuwa faɗinta ya isa a ja igwa a juya ta, don haka aron kalmar ya fi aminci. Ba ta hana jiragen yaƙin Faransa yi wa garin ruwan wuta a watan Agusta na 1844 ba. Ɗakunan da ke ƙarƙashinta, waɗanda a da ma'ajiyar kayan yaƙi ne, sun zama rumfunan masassaƙa itacen ar'ar.

Ƙofofin tudu suna da nasu tsarin suna. Bab Marrakesh da Bab Dukkala sun ɗauki sunan inda hanya ta nufa, saɓanin Katsina, inda Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa ke ɗauke da sarautu. Ta ƙofofin tudun ne ayarin Sahara ke shigo da gashin jimina da ƙaro da zinariya, har aka riƙa yi wa garin laƙabi da tashar jirgin ruwan Tambutu. Ƙofar tasha kuma, Bab al-Marsa, an gina ta ne wajen 1770, kuma maginin da ake danganta ta da shi, Ahmad al-Ingilizi, Bature ne ɗan Ingila da ya musulunta. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, da sunayensa biyu, Essaouira da Mogador.