Wainarki ta fi ta kowa daɗi, amma Google bai san da zamanki ba

Wajen ƙarfe biyun dare ne, muna ɗan hutu a ɗakin shan shayi na asibitin da nake aikin jinya a Manchester, sai wata abokiyar aikina 'yar Ghana ta ce tana cikin matsala. Ƙanwarta ta haihu, suna ranar Asabar, mijin kuma ɗan zangon Kumasi ne, danginsa ba su san taron suna babu waina ba. Ta ɗauko waya ta rubuta "masa Manchester" a Google, don su can masa suke ce mata. Abin da ya fito mata garin masarar 'yan Meksiko ne da gidajen abincinsu, saboda a harshen Sifaniyanci ma akwai kalmar masa, ƙullin masara take nufi. Ta jujjuya kalmomin, ta samu masu jalof da masu sakwara, amma mai waina ko ɗaya babu.

Ni kuwa na san mai waina a unguwar Gorton, wadda duk muke ce wa Anti. Shekara uku ke nan tana suya a gidanta, tun da ciwon baya ya raba ta da aikin kula da tsofaffi. Da kuɗin tanda take biyan rabin hayar gida, da shi take tura kuɗin makarantar marayun ƙaninta a Gombe. Na ba da lambarta, aka yi ciniki, suna ya yi kyau. Amma abin ya tsaya mini a rai. Da ba na wurin a daren nan, shi ke nan cinikin mutum hamsin ya wuce ta. Su nawa ne suka nema a haka suka haƙura?

Da na je gidanta na tayar da maganar, sai ta ce, "'Yar nan, kada ki tuna mini da Google ɗin nan." Ashe bara wani saurayi ya karɓi fam 350 a hannunta, ya yi alkawarin zai sa ta zama ta ɗaya a Google cikin mako biyu. Ya haɗa mata shafi da hotunan abincin da ba nata ba, ya riƙe kalmar sirri, daga baya ya daina ɗaga waya.

Aikin da ya ce zai yi mata shi ake kira SEO a taƙaice, wato gyara bayanan sana'arka a intanet yadda injin bincike zai gane abin da kake sayarwa, ya nuna ka ga mai nema. Wannan daban yake da tallar da ake biya, wadda ke fitowa can sama da alamar cewa talla ce. Kamfanin Google da kansa ya sha faɗa cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin zama na ɗaya, kuma ba ya karɓar kuɗi don ɗaga wani a sakamakon da ba na talla ba. Mafi yawan abin da ƙaramar sana'a ke buƙata kyauta ne, lokaci kawai yake ci. Ni da Anti muka yi namu a ranakun hutuna, da wayarta da tsohuwar kwamfutata.

Status ba shago ba ne

Kusan duk masu sana'armu a nan, daga mai ɗinki zuwa mai lalle da mai turaren wuta, a status na WhatsApp suke talla. Matsalar ita ce status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kuka ajiye lambar juna. Google ba ya ganinsa sam. Ma'ana kullum mutanen da suka riga suka san ka kake yi wa talla. Shi ya sa cinikin Anti ke tashi da azumi da sallah, bayan nan ya kwanta. Ba cewa nake a bar WhatsApp ba, a nan ake ƙarasa ciniki. Amma baƙon da bai san ka ba yana buƙatar wata ƙofar da zai shigo.

Fara da taswira

Ƙofar farko ita ce Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business kafin a sauya masa suna a 2021. Shi ne ke sa sana'a ta fito a taswirar Google da lambar waya da hotuna da lokutan aiki. Buɗe shi ko sisi ba a biya. Duk wanda ya bugo maka waya ya ce daga Google yake, wai za a goge ka idan ba ka biya ba, ɗan damfara ne, kashe wayarka.

Tsoron Anti na farko shi ne kada duniya ta ga adireshin gidanta, kuma tana da gaskiya. Mai kai wa mutane kaya har gida zai iya ɓoye adireshinsa, ya zaɓi unguwannin da yake kaiwa, har guda 20. Muka sa Gorton da Moston da Longsight da Cheetham Hill da Salford. Sai tantancewa: wani a aiko masa da lamba ta waya ko ta wasiƙa, wani a ce ya ɗauki bidiyo. Mu bidiyo aka nema, muka nuna titin gidan da kicin da tanda da robobin zuba abinci.

Google ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera sana'o'in da ke kusa: dacewar sana'ar da abin da aka nema, nisanta da mai nema, da kuma yadda aka san ta. Nisa ba ka da iko da shi, sauran biyun kuwa suna hannunka. Zaɓi rukunin da ya fi dacewa da sana'arka, cike gurbin bayani mai ɗaukar harafi 750, jera kayanka ɗaya bayan ɗaya da farashi, sa hotunan da ka ɗauka da kanka da hasken rana. Sunan sana'a kuma ka rubuta shi yadda yake. Masu cusa kalmomi a cikin suna, irin su "mafi arha" da jerin sunayen unguwanni, suna karya ƙa'ida, ana iya dakatar da shafinsu.

Idan ka gama, maimaita hakan a shafin sana'o'i na Apple don masu iPhone, da Bing Places. Su ma kyauta ne. Suna da lambar waya su zama iri ɗaya ko'ina, har Facebook da Instagram. Anti na da lamba biyu da suna uku a wurare daban-daban, sai da muka zauna muka daidaita su.

Da wane suna mai saye ya san kayanka?

Nan ne inda mutanenmu suka fi tafka kuskure. Muna rubuta sunan da muka tashi da shi, mai nema kuma yana rubuta nasa. Abin da muke ce wa tsire, sauran 'yan Najeriya da Turawa suya suka sani, ɗan Ghana chichinga zai rubuta, ɗan Kamaru soya, ɗan Sudan agashe. Zoɓo ma haka: zobo a kudancin Najeriya, sobolo a Ghana, bissap a wajen 'yan Senegal, karkade a Sudan da Masar, sorrel a wajen mutanen Jamaika. Kwalba ɗaya ce, amma kasuwa biyar. Baturen da ya taɓa cin waina a gidan abokinsa kuwa bai riƙe sunan ba, "Nigerian rice cakes" zai rubuta.

Gano waɗannan kalmomi ba ya buƙatar sayen wata manhaja. Fara rubuta sunan kayanka a Google, ka tsaya ka ga abin da zai ƙarasa maka, domin daga abin da mutane ke nema yake ɗaukowa. Duba tambayoyin da ke fitowa a tsakiyar shafi da kalmomin da ke can ƙasa. Google Trends zai nuna maka wadda aka fi nema tsakanin kalmomi biyu. Sannan ka tambayi kowane sabon kwastoma yadda aka yi ya same ka, da abin da ya rubuta.

Wani abu kuma, mai bincike ba ya wahalar da kansa da ƙ da ɗ da ɓ, kuma a Ingila da Turanci yawanci ake nema. Don haka muka rubuta bayanin Anti da Turanci mai sauƙi, muka saka waina da masa da sunan Turancin a jimla ɗaya, tare da sunan gari. Hausar muka sa a ƙasa don namu. Kada dai a yi ta maimaita kalma ɗaya sau goma kamar karatun allo, Google ya daɗe da gane wannan wayon.

Shafi ɗaya mai amsa tambayoyi

Shafin intanet na kanka ba dole ba ne a ranar farko, amma yana taimakawa. Ƙananan shafukan kyauta da Google ke haɗa wa masu Business Profile an rufe su a Maris na 2024, sai dai har yanzu akwai Google Sites kyauta, sunan shafi mai ƙarewa da .co.uk kuma kimanin fam 10 ne a shekara. Sharaɗi ɗaya: ka saya da sunanka da imel ɗinka. Darasin da fam 350 ta koya wa Anti ke nan.

Kan shafin ya faɗi abin da kake sayarwa da garin da kake, a gajarce, kada ya wuce harafi 60 ko kusa da haka. Farashi da jerin abinci a rubuta su da haruffa, kada a sa hoton takardar talla kawai. A rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe da sauri a waya, domin yadda yake a waya Google ke fara dubawa. PageSpeed Insights zai auna maka saurin kyauta.

Sauran shafin kuma amsoshin tambayoyin da ake yawan yi maka ne. Kwana nawa kafin biki za a yi oda? Naman halal ne? Ana kaiwa Bolton? A nan ne aikina na jinya ya sa na matsa wa Anti a kan gyaɗa. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kilishi da miyan taushe duk akwai gyaɗa. Mu mun saba, amma na ga yadda ake shigo da yaro mai alajin gyaɗa numfashi na sarƙe masa, ba abin wasa ba ne wallahi. Dokar Birtaniya ta wajabta wa mai sayar da abinci ya sanar da abubuwa 14 da jikin wasu ba ya jituwa da su, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai. Iyaye na bincika wannan kafin su saya, mai amsa a rubuce shi ke samun yardarsu.

A tuna kuma, fitowa a Google fitowa ce gaban kowa, har da hukuma. Mai dafa abincin sayarwa a gida sai ya yi rajista da kansil aƙalla kwana 28 kafin ya fara. Kyauta ne, za a zo a duba kicin a ba da makin tsafta daga 0 zuwa 5. Anti ta riga ta yi, sai muka sa makin nata a shafin.

Shaidar kwastoma

Taurari da sharhin masu saye suna cikin abin da ke nuna wa Google an san ka. Hanyar samunsu ita ce roƙo. Business Profile na ba da mahaɗin da za ka tura wa kwastoma ta WhatsApp bayan ya karɓi kaya. Anti ta ce kunya take ji, kamar bara. Na ce mata, "Anti, wadda ta kira ki ta yi minti goma tana yabon miyarki, layi biyu ne zai gagare ta?"

Abin da ba a yi shi ne sayen sharhi, ko tara 'yan uwa a gida su yi ta zuba taurari biyar alhali ba su taɓa ɗanɗana ba, ko ba da ragi don a yabe ka. Google na goge irin wannan. Tun Afrilun 2025 sharhin bogi ya zama laifi a Birtaniya ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2024, hukumar CMA na iya cin tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara. A Amurka ma hukumar FTC ta haramta shi tun Oktoban 2024. Idan wani ya yi ƙorafi, amsa masa da ladabi a bainar jama'a. Masu karantawa sun fi lura da amsarka a kan ƙorafin.

Sai haƙuri

Sannu ba ta hana zuwa. Google na cewa akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin gyaran shafi. Kafin nan, Business Profile zai riƙa nuna maka mutum nawa suka kira da kalmomin da suka kawo su, Search Console kuma, shi ma kyauta, yana ajiye irin wannan bayani na shafinka har wata 16. Rabin awa a mako ta isa: sabon hoto, amsa sharhi, gyara lokutan aiki idan azumi ya zo.

Wata na biyu Anti ba ta ga komai ba, har ta fara yi mini tsiya. A na huɗu wata Baturiya daga Stockport ta kira, ɗanta zai auri 'yar Zariya, tana son ta yi wa surukai abin da za su ji sun zo gida. Ba a ce Anti ta yi arziki ba, amma yanzu da wuya mako ya wuce ba ta ji muryar da ba ta sani ba. "Ashe shekara uku na kasa kaya a ɗaki na ja ƙofa," in ji ta.

'Yan uwa na gida, wannan bai tsaya a Ingila ba. Mu da ke waje, idan biki ya taso muna neman tela ko mai kayan lefe ko mai hoto a Kano ko Damagaram, Google muke fara tambaya, kuma sau da yawa ba ma samun kowa sai mun bi ta kan dangi. Yau da dare ka ari wayar wani, ba taka ba, ka rubuta abin da kake sayarwa da sunan garinku. Idan ba ka ga kanka ba, mai neman kayanka ma bai gan ka ba, sai ka fara da taswira.