Gigar da Ake Cewa An Tauye a Bata

A 'yan kwanakin nan wata tuhuma ta yawaita a bakin masu sayen memori da filash a kasuwannin Bata da titin Beirut, cewa 'yan kasuwa suna ha'intarsu, domin mutum yakan biya kuɗin giga 64, ya je gida ya sa a kwamfuta, ta nuna masa 59 da ɗoriya, ya komo shago yana rantsuwa an ci haƙƙinsa, alhali kuwa a wannan mas'ala mai shagon ba shi da alhakin kowa.

Asalin ruɗanin shi ne suna guda da aka laƙaba wa ma'auni biyu. Masana'anta tana lissafa giga ɗaya a kan bayit 1,000,000,000, ita kuwa manhajar Windows, da yake ta gaji al'adar ƙirga 1,024 a maimakon 1,000, sai ta cika bayit 1,073,741,824 kafin ta ce giga ce. Misalinsa kamar a auna gero da wani mudu ya ba da 64, a sake auna shi da wanda ya ɗan fi zurfi ya ba da 59, ko ƙwaya ba ta zube ba. Tazarar tana ƙaruwa da girman ma'adanar, shi ya sa mai tera 1 take bayyana a giga 931.

Tun 1998 hukumar IEC ta duniya ta warware shubuhar, ta ba babban ma'aunin alamarsa ta dabam, GiB, kamfanin Apple kuma ya koma lissafin masana'anta a 2009. Amma Windows har yau GB take rubutawa, ba tare da bayanin da mai saye zai gani ba, wanda a ganina sakaci ne da ake biyan diyyarsa da mutuncin ƙananan 'yan kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan hayaniya ta shagaltar da jama'a daga algus na haƙiƙa. Akwai memorin jabu da aka gyara shi ya riƙa shelar girman da ba shi da shi, yana karɓar duk abin da aka zuba masa, yana shafe na farko da na baya, har ranar da mai shi zai nemi hotunan biki ko karatun tafsiri ya tarar ba sa buɗuwa. Ana gane shi ne idan an cika shi fal, sa'an nan aka buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Wannan bincike ya kamata hukumar kula da ingancin kaya ta SON da shugabannin kasuwa su ɗauke wa mai saye tun kafin kaya su hau kanta.