Ado da dutse a bangon gida: yadda kwamfuta ke ƙirga fallaye kafin a kashe kuɗi

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sababbin gidaje da otel-otel da dama na fitowa da fuska lulluɓe da dutse. Abin na da kyau a ido, amma yana da tsada, kuma kuskuren lissafi a nan ba ya gyaruwa da sauƙi. In dutsen ya gaza, sai shantiye ya tsaya, wanda za a ƙaro kuma ba lalle launinsa ya zo daidai da na farko ba. In ya yi yawa, kuɗi ne aka jibge a tsakar gida. Shi ya sa masu zanen gini ke fara manna dutsen a cikin kwamfuta kafin maso ya taɓa siminti.

Zanen da ya san abin da ke cikinsa

Manhajojin da aka fi sani a wannan aiki su ne Revit, ta kamfanin Autodesk na Amurka, da Archicad, ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari. Tsarin da suke bi ana kiransa BIM. A zanen takarda, bango layi biyu ne kawai. A BIM kuwa, bango abu ne mai tsawo, kauri da kayan da aka yi shi da su: bulo, yaɓe, simintin mannawa, sannan dutse. Da an faɗaɗa taga, sai lissafin dutsen ya ragu da kansa a cikin jadawali.

Sai dai manhajar tana ƙirga abin da aka gina mata ne kawai. Akwai hanyoyi uku na sa dutsen, kuma kowace da irin amsar da take bayarwa.

Ta farko, a sa dutsen a matsayin hawan waje na bangon. Jadawali zai ba da faɗin wurin a murabba'in mita, bayan cire ƙofofi da tagogi. Layukan da ake gani kamar fallaye ado ne kawai, manhajar ba ta san adadinsu ba. Wannan ta wadatar ga fasasshen dutse marar siffa ɗaya, irin wanda ake samu a yankin Adar, tun da ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya.

Ta biyu, a ware hawan dutsen daga bangon, a yayyanka shi a cikin manhajar daidai da yadda za a jera shi. Kowane yanki sai ya fito a jadawali da girmansa.

Ta uku, a ari tsarin da ake zana bangon gilashi da shi, a maye gurbin gilashin da fallen dutse. Nan kowane falle na iya samun lambarsa, faɗinsa da tsayinsa. Ita ce ta fi dacewa da manyan gine-gine inda ake rataye dutsen da ƙugiyoyin ƙarfe, amma tana cin lokaci, tana kuma nauyaya aikin kwamfuta.

Inda lissafin kai ke yaudara

A ɗauki bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3, watau murabba'in mita 36. A cire ƙofa mai mita 1 a kan 2,10 da tagogi biyu masu mita 1,20 a kan 1,20, saura kimanin 31. In fallen santimita 60 ne a kan 30, rabawa za ta ba da 173. Mai gida zai iya ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Fallaye 20 ne ke cika tsawon bangon in an haɗa su baki da baki. Amma in an bar tazarar milimita 5 tsakaninsu, jerin zai wuce bangon da santimita 9,5, don haka dole a rage wani falle a kowane jeri. A tsaye ma jeri 10 za su wuce da santimita 4,5. Ga kuma yanka a gefen ƙofa da tagogi, inda guntun da ya rage sau da yawa ba ya shiga ko'ina. Ga kusurwa, inda wani falle ke rufe bakin wani. Ga cikin bakin taga, wanda ake yawan mantawa in ba a gaya wa manhajar ta naɗe dutsen zuwa ciki ba.

Zanen da ke nuna mazaunin kowane falle shi ne masu sana'ar ke kira calepinage da Faransanci. Da shi ake yanke shawarar inda jeri zai fara: daga tsakiyar bango, don yankan ya rabu daidai hagu da dama, ko daga kusurwar da ido ya fi gani. Sauya tazara ko girman falle kaɗan a kwamfuta kan rage yanka sosai, kuma gwajin ba ya cin ko dala.

Nauyi da zafi

Jadawali mai kyau na ba da nauyi ma. Mita kubik ɗaya ta dutsen garanit na kai kimanin kilo 2.700. Falle mai kaurin santimita 2 na da kusan kilo 54 a kowane murabba'in mita, mai santimita 3 kuma kilo 81. Bangon misalinmu ke nan zai ɗauki fiye da tan ɗaya da rabi, ko tan biyu da rabi. Injiniya na bukatar wannan adadi don sanin ko tushe zai ɗauka, ko siminti kaɗai zai riƙe, ko sai an sa ƙugiya. Falle da ya ɓalle daga bene na iya kashe mai wucewa. Mai mota ma da wannan adadi zai yi farashin dako.

Zafin ranar ƙasarmu na sa dutse da siminti su miƙe su takure, baƙin dutse kuma ya fi ɗaukar zafi. Don haka ake barin tsagi mai laushi a wasu wurare, kuma ya kamata ya fito a zanen.

Abin da mai gida zai nema

Kafin biyan kuɗin dutse, a nemi zanen jerin kowace fuska, da jadawalin da ya raba cikakkun fallaye da yankakku, da ƙarin da aka sa saboda fashewa, wanda a al'adar sana'a kan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100. A tambayi mai zanen ta wace hanya ya sa dutsen, domin murabba'in mita kaɗai ba shi ne adadin da za a saya ba. Sannan a sake auna bangon bayan an yi yaɓe, a gyara zanen da awon gaskiya kafin a ba mai yanka umarni. Bangon da maso ya gina ba kasafai yake zuwa daidai santimita da na kwamfuta ba, dutsen da aka yanke kuwa ba ya komawa.