Cin zali a tsakanin ɗaliban ƙaramar sakandare

Cin zali a makaranta shi ne ɗalibi ɗaya ko gungun ɗalibai su riƙa cutar da wani ɗalibi da gangan, a kai a kai, alhali ba shi da ƙarfin kare kansa. Ya fi yawa a farkon shekarun balaga, wato shekarun da yara suke ƙaramar sakandare, sannan ya kan ragu a manyan azuzuwa. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi.

Ma'ana

Ma'anar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga Dan Olweus (1931–2020), masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Suwidin wanda ya koyar a Jami'ar Bergen da ke ƙasar Norwe. A wurinsa, sai abubuwa uku sun haɗu kafin a kira abu cin zali: niyyar cutarwa, da maimaitawa, da fifikon ƙarfi. Saboda haka faɗa tsakanin tsara biyu masu ƙarfi ɗaya ba cin zali ba ne. Fifikon kuma ba lallai ya zama na jiki ba. Zai iya zama na shekaru, ko yawan abokai, ko dukiyar iyaye, ko kaifin baki.

Kalmar Hausa ta fi wannan ma'ana faɗi, domin ana cewa an ci zalin mutum ko da sau ɗaya aka yi masa. Wahalar ta fi yawa wajen raba cin zali da tsokana ko barkwanci. Wasan da ke tsakanin abokan wasa kowane ɓangare yana ramawa, kuma a kan daina idan ran ɗaya ya ɓaci. Wanda ake cin zalinsa ba ya iya ramawa, kuma ɓacin ransa shi ne abin da ake nema.

Ire-irensa da alamominsa

Akwai na jiki, kamar duka da ƙwace kaya. Da na baki, kamar zagi da laƙaba suna. Da na mu'amala, wato ware yaro ko yaɗa ƙarya a kansa. Sai na intanet, ta WhatsApp da makamantansa, wanda yake bin yaro har gida. Rahoton UNESCO ya ce kamannin jiki shi ne dalilin da ɗalibai suka fi ambata.

A makarantun kwana na Najeriya, cin zali ya kan fake da tsarin siniya da juniya. Ana tura ƙananan ɗalibai ɗebo ruwa da wanki, a ƙwace musu gari da sukari da madara, ko a sa su tsallen kwaɗo da sunan horo. Da yake wanda aka yi wa bana shi zai yi wa wani baɗi, sai a riƙa ɗaukar abin a matsayin al'adar makaranta, ba laifi ba.

Yara da yawa ba sa faɗa, don tsoron ramuwa ko gudun a kira su 'yan gulma. Galibi alamu ne ke tona asiri: ƙin zuwa makaranta, yawan kukan ciwon kai ko ciki da safe, yagaggen yunifom, ɓatan kuɗin tara, faɗuwa a jarrabawa, ko yaro mai surutu ya koma shiru.

Rigakafi

A shekarar 1982 wasu yara maza uku a arewacin Norwe suka kashe kansu, kuma aka danganta hakan da cin zalin da 'yan uwansu ɗalibai suka yi musu. Wannan ya sa gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da cin zali a 1983, wanda daga cikinsa shirin Olweus ya fito. Shirin ya ɗora nauyin a kan makaranta gaba ɗaya: a tambayi ɗalibai ba tare da sun rubuta sunansu ba, a kafa dokokin aji, a ƙara sa ido a wuraren da malamai ba sa zuwa lokacin hutu.

Shirin KiVa, wanda Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan, aka kuma yaɗa a makarantun ƙasar daga 2009, ya fi mayar da hankali kan 'yan kallo. Binciken Salmivalli ya nuna cewa bayan mai cin zali da wanda ake cuta, akwai masu taya shi, da masu zuga shi da dariya, da masu kau da kai, da masu kare wanda ake cuta. Mai cin zali girma yake nema a idon tsaransa. Idan dariya ta ɗauke, ribarsa ta ragu.

Matakin da ake ɗauka

Ana ba malamai shawarar su tsayar da abin nan take, su ji ta bakin kowane yaro shi kaɗai, su rubuta abin da ya faru, su sanar da iyaye, sannan su sake bibiya bayan 'yan makonni. Haɗa yaran biyu a ce su yafe wa juna, kamar yadda ake yi idan an yi faɗa, ba ya cika yin amfani, domin ƙaramin zai amsa ne don tsoro. Haka nan cewa yaro ya je ya rama ya kan ƙara jefa shi cikin haɗari.

Tun daga 2020, UNESCO tana tunawa da ranar yaƙi da cin zali da tashin hankali a makarantu a ranar Alhamis ta farko ta watan Nuwamba.