Jaguar da Ferrari: Me ya sa farashinsu ya bambanta?

A watan Maris na 1961 ne kamfanin Jaguar na Birtaniya ya baje kolin motarsa E-Type a birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan.

Motar mai ƙofa biyu tana da inji mai silinda 6, kuma kamfanin ya ce za ta iya gudun kilomita 240 cikin sa'a guda, ko da yake motocin da aka bai wa 'yan jarida su gwada an yi musu shiri na musamman.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a dai shi ne kuɗinta, wanda bai wuce fam 2,200 ba, alhali mota mai irin wannan gudu daga Italiya takan ninka haka.

Shekara guda bayan nan kamfanin Ferrari ya fito da 250 GTO, mai silinda 12 da ƙarfin doki kusan 300, wadda ke kusantar kilomita 280 cikin sa'a.

Don tsere aka ƙera ta, ta kuma samar wa Ferrari kambun duniya na ajinta sau uku a jere, daga 1962 zuwa 1964.

Yawa da ƙaranci

Tazarar gudun da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da tazarar farashinsu a wajen gwanjo.

A 2018 an sayar da wata GTO kan dala miliyan 48.4 a Monterey da ke jihar Kaliforniya ta Amurka. Ita kuwa E-Type, da yawa daga cikinsu ba sa kai fam dubu 200.

Babban dalili shi ne adadi. GTO 36 kacal aka ƙera, yayin da Jaguar ya fitar da E-Type sama da dubu 70 kafin ya dakatar da ita a tsakiyar shekarun 1970.

Wato sauƙin kuɗin da ya sa E-Type ta karɓu a wancan lokaci, shi ne ya hana ta tsada daga baya.

Masu tara irin waɗannan motoci kuma suna bin tarihin kowace ɗaya: wane direba ya tuƙa ta, a wace gasa, kuma ko injin da ke cikinta shi ne wanda ta baro masana'anta da shi.

Kuskure ne a ɗauka cewa sunan Italiya kaɗai ke jawo kuɗi. Jaguar ya ƙera wasu E-Type 12 marasa nauyi da jikin alminiyam domin tsere, kuma a 2017 an sayi ɗaya a kan dala miliyan 7 da 'yan kai.

Akwai ma motocin da ƙasashen biyu ke da hannu a cikinsu. Aston Martin DB4 GT Zagato injinta na Ingila ne, amma a birnin Milan aka ƙera jikinta, kuma 19 aka yi tun farko. Ɗaya daga ciki ta haura fam miliyan 10 a gwanjon Goodwood a 2018.

Ita kuwa DB5, wadda aka ƙera sama da dubu ɗaya, fim ɗin James Bond na Goldfinger na 1964 ne ya ɗaga darajarta.