Injin mota ya gaji: a buɗe a gyara, ko a sayo na Kwatano?

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Parakou da Djougou ya san alamomin. Direba ya tsaya a hanya ya ƙara baƙin mai, ko ya ɗauko jarka ya zuba ruwa a lagireto. A hawa mota ta dinga nishi, shuɗin hayaki na bin ta a baya. Tafiyar kusan kilomita 135 ce. Motar da ke zuwa ta dawo kullum, kwana shida a mako, za ta ci kusan kilomita dubu 80 a shekara, ga shi yawancinsu sun riga sun yi rayuwa guda a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Ranar da injin ya ce ya gaji, mai mota zai ji shawara biyu. Makanike zai ce a buɗe a gyara. Mai sayar da kayan mota zai ce a jefar da tsohon, a ɗora wani da aka cire daga motar Turai, irin wanda ake kira "venu de France" a nan, "Beljiyam" ko "tokumbo" a Najeriya. Kowannensu yana da abin da zai samu a shawarar da ya bayar. A Amurka ma masu tsofaffin Mustang da Camaro suna wannan muhawara, sai dai su sha'awa ce da darajar mota a kasuwa ke gabansu. A Zongon Parakou kuwa maganar cefane ce da kuɗin makarantar yara, sau da yawa kuma da bashi ko kuɗin adashi za a yi aikin. Don haka bai kamata a yanke hukunci da ka ba. Injin da kansa zai faɗi abin da ya dace da shi, idan an auna shi.

A fara da awo kafin a kwance ko da noti ɗaya

Hayaki shi ne shaidar farko. Shuɗi na nuna baƙin mai yana shiga inda ake ƙona fetur, ko ta zobban fistan da suka cinye, ko ta robobin bawul. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa ne ke shiga, galibi daga gaskit ɗin kan inji, wato joint de culasse. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa gyaran kafireto, ko injekta, ko canza matatar iska ya wadatar. An sha sauke injin da ba shi da laifi saboda baƙin hayaki.

Shaida ta biyu ita ce awon matsin silinda. Ana cire fulogi, a ɗaura ma'auni, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. A lafiyayyen inji bambancin da ke tsakaninsu ba ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Idan wata ta yi ƙasa, sai a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake aunawa. In matsin ya tashi, zobba ne suka cinye. In bai tashi ba, matsalar tana sama, a bawul ko gaskit, kuma ana iya gyara kan inji kawai ba tare da an sauke gaba ɗaya ba.

Ta uku ita ce ƙara. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, tare da fitilar baƙin mai da ke kamawa idan mota ta yi zafi, alama ce meta ta cinye, wato abin da makanikanmu ke kira coussinets, kuma mai yiwuwa karanshaf ya ji rauni.

Inda gyara ya fi

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: idan gangar inji ba ta tsage ba, karanshaf kuma yana da sauran naman da za a sassaƙa, injin yana gyaruwa.

Peugeot 504 da 505 masu shan fetur su ne misali mafi kyau. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya ci gaba da haɗa ta shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Injinta mai lita 2 yana da silinda da ake zarewa, wadda Faransawa ke kira chemise, wato riga. Idan ta cinye, sai a zare ta a sa sabuwa tare da fistan da zobbanta, silindar ta koma ma'auninta na farko. Wannan na cikin dalilan da suka sa motar ta daɗe haka a hanyoyinmu. Kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da injin 504 "mai ƙaramin aiki" a yau, ka tuna cewa injin ma ya kai shekarun naka.

Injinan Toyota na shekarun 1990, irin su 4A-FE da 7A-FE da ke cikin Corolla da Carina E, gangarsu ta baƙin ƙarfe ce. Ana iya faɗaɗa silinda a sa fistan mai ɗan girma, misali da milimita 0.50, a kuma sassaƙa karanshaf da milimita 0.25 a sa metar da ta dace da shi.

Amfanin gyara shi ne ka san abin da ke cikin injinka, domin a gabanka aka sa shi. Haɗarinsa biyu ne. Na farko jabun kaya: kwali mai tambarin kamfani ba shaida ba ne, kuma zoben da ba na ƙwarai ba zai dawo da hayaki cikin watanni. Na biyu aikin ido: makaniken da zai sa sababbin zobba a silindar da ta riga ta faɗaɗa, ba tare da ya kai ta wurin masu injin sassaƙa ƙarfe sun auna ba, ya ɗage matsalar ne kawai. Ka tambaye shi ko yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Notunan kan inji suna da ma'auni da tsarin da ake bi wajen ɗaure su, ƙarfin damtse ba ya maye gurbinsu.

Inda canji ya fi

Idan hannun fistan ya karye ya huda ganga, ko ganga ta tsage, ko an riga an sassaƙa karanshaf har ya kai iyaka, zancen gyara ya ƙare. Haka nan injinan da suka biyo baya masu gangar alminiyam. 1ZZ-FE na Corolla da Avensis rigunan silindarsa sirara ne, an zuba su tare da gangar, ba a zare su kamar na 504. 2AZ-FE na Camry kuma an san shi da zamewar zaren notunan kan inji, musamman bayan ya yi zafi sosai. Irin waɗannan, idan lalacewar ta yi nisa, wani injin ya fi sauƙi. Canji kuma ya fi sauri, kuma mai motar haya ya san kowace rana da mota ta kwana a gareji asara ce.

Sai dai sayen injin da ba a tayar ba cinikin biri a sama ne. Babu wata takarda da ke biye da shi ta faɗi kilomita nawa ya ci, ko hatsari ne ya raba shi da motarsa, ko tsufa. Ko a Kwatano za ka saya, ko a Ladipo ta Legas, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da makanikenka. A juya injin da hannu a ji ko yana tafiya sumul. A buɗe murfin sama a duba ko baƙin mai ya daskare ya zama kamar kwalta. A duba fulogai. A tabbatar lambar nau'in injin da ke jikin ganga daidai take da ta naka. Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kwana nawa kake da shi ka mayar idan ya nuna aibi, kuma wa zai biya kuɗin ɗauko shi. Daga Kwatano zuwa Parakou fiye da kilomita 400 ne, mayar da inji ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda zai sayo daga Najeriya kuma ya lissafa da kwastan da canjin naira, ya kuma tuna yadda aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Kafin a ɗora shi, a canza bel ɗin taimin idan mai bel ne, da famfon ruwa, da robobin da ke hana yoyon mai. Yin haka a ƙasa ya fi araha fiye da bayan an ɗora.

Daga fetur zuwa gazuwal

Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a Mayun 2023, kpayo ya yi tsada, wasu direbobi kuma suka fara tunanin sa injin gazuwal. Wannan ya wuce canjin inji kawai. Injin gazuwal ya fi nauyi, don haka ƙafafun gaba da birki za su ɗauki abin da ba a yi su dominsa ba. Giya, da maɗauran inji, da lagireto, da batir, da bututun mai duk suna iya buƙatar canji. A sababbin motoci kuma inji yana tafe ne da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da makullinsa. Bayan haka carte grise tana ɗauke da nau'in man da mota ke sha. Sai a je ANaTT a daidaita takarda, kada a samu cikas wurin binciken CNSR, ko kamfanin inshora ya sami hujjar ƙin biya ranar da tsautsayi ya faru.

Abin da ya kashe na farko

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: me ya kashe tsohon injin? Sau da yawa amsar tana wajensa. Lagireto ne da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa. Fanka ce da ta daina juyawa. Matatar iska ce da ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta goge silinda kamar yashi. Baƙin mai ne na awo da ba a san asalinsa ba, ko fetur ɗin kwalba da ruwa ko datti ya shiga. Idan ba a gyara waɗannan ba, sabon injin ma hanyar zai bi, ko gyararre ne ko na Kwatano.

Saboda haka idan za ka kwatanta kuɗin, ka rubuta komai a shafi biyu: kaya, ladan makanike, kuɗin sassaƙa, jigila, takardu, lagireto, da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki. Wanda ya zaɓi gyara ya ƙara da cewa kilomita dubu na farko lallaɓawa ake yi, ba lodi mai nauyi, ba gudu, sannan a zubar da baƙin man a sa sabo. Direban da ya fito daga gareji ranar Alhamis ya cika mota da buhunan doya ranar Juma'a, shi ya san inda kuɗinsa ya tafi.